Littafi na Uku Yana Ƙarƙashin Kujerar Mota

Madarumfa, bayan kaka, 1997

Zuwa ga Kande,

Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ake yi wa wanda aka daɗe ba a gani ba. Da kina raye sai in ce ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, don haka aka koya mana buɗe wasiƙa. Ke kuwa sai dai in ce Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Shekara talatin ina kai wa mutane saƙo tsakanin nan da Katsina, yau ga nawa saƙon, kuma babu motar da ke zuwa inda kike. Duk da haka zan rubuta, don abin ya yi mini nauyi.

Ki dubi rubutun tukuna kafin ki dubi maganar. Boko ne, kuma da hannuna. Ɗan Liman da kike yi wa tsiya, wai ya iya karatu daga dama amma daga hagu makaho ne, ya shiga makarantar yaƙi da jahilci da furfurarsa. Rani biyu na yi ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Mushe, wato malamin namu, kullum yana lallashina da cewa gemu ba ya hana ilimi, yaran kuwa suna ƙunshe dariya. Zan gaya miki abin da ya kai ni can, amma bari in fara da labarin gida, yadda kike so in fara idan na dawo daga tafiya.

Tafki ya cika bana har ya ci lambunan bakin gaɓa. Masunta na murna, masu tumatir na kuka. Zogalen da kika dasa bayan ɗaki ya wuce katanga, maƙwabta na tsinka ba su tambaya, ni kuma ba na hanawa. Ɗan farinmu yana Kano cin rani, ya aiko da gaisuwa da takalmin da bai shige ni ba. Gwaggo, 'yar'uwar babana, ta rasu bara da azumi. Hajiya Tabawa mai ƙyafa kifi tana nan da bakinta, gwiwa ce kawai ta gaza. Autarmu Rabi ta shekara goma sha biyar, ta ɗauko tsayinki da tafiyarki. Wani lokaci in ta juya baya tana kwasar tuwo sai in fita zaure ba tare da wani dalili ba.

Ga babban labarin. Innarki na da rai, amma ta kwanta. Ido ya tafi, ƙafa ba ta ɗaukarta. Tun farkon damina wanki Ranau ke zuwa da saƙonta, sau uku ke nan: tana so a kai mata Rabi ta shafa fuskarta kafin ta bi ki. Rabon yarinyar da ƙauyenku tun kina da lafiya. Sau biyu na ce masa sai hanya ta bushe. Kin san wannan amsar, ke ma ita na ba ki. Zuwansa na uku hanya ta riga ta bushe ƙarau, sai na ce ya ba ni mako guda. Yau kwana shida, kuma duk kwanakin nan wannan takarda nake rubutawa.

Kin tuna littafin maharbi da ɗiyar malam? Haka matan unguwa ke kiransa, ba wanda ya damu da sunan da ke bangonsa. Ni na sayo miki na ɗaya da na biyu a kasuwar Katsina, lokacin da irin waɗannan littattafai suka fara cika tebura. Ba ki cika son na 'yan makaranta da masu manyan motoci ba, kin ce duk tuwo ɗaya ne aka sake wa miya. Wannan kuwa labarin da ne, tun kafin zuwan Turawa, zamanin da ake rufe ƙofar gari da magariba. Ɗiyar wani babban malami ta ɓace wa ayari ranar da mahara suka faɗa masa. Wani maharbi, mutumin daji mai bin addinin kakanninsa, ya tsince ta, ya yi jinyarta, har abin da ba wanda ya zata ya faru tsakaninsu.

Kullum bayan la'asar tsakar gidanmu sai ta cika. Ke kina kan kujerar tsuguno da littafi, su suna ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale. Ni ina zaure wai ina gyaran rediyo. Rediyon nan lafiyarsa lau, Kande, kuma na san kin sani. Ba ki taɓa tona ni ba, sai dai ki ƙara ɗaga murya idan aka zo wuri mai daɗi.

Karatun bai kai gardamar tsawo ba. Hajiya Tabawa ta ce ƙarya ce tsagwaronta, wai ina aka taɓa ganin ɗiyar malam ta sha ruwa a goran maharbi, balle ta zauna bukkarsa. Amma ita ce ke riga kowa zuwa, kuma ranar da kika yi mura ba a yi karatu ba har gida ta aiko miki da citta. Matar mushen lakwal, malamin makarantar boko, ta ce irin littattafan nan su ke lalata 'yan mata, ta faɗa tana gyara zama don ta ji da kyau. Wata amarya daga Safo ta ce ita dai in da irin maharbin nan a duniya a nuna mata hanyar dajin, aka yi ta dariya har tana rufe fuska. Ko a tasha da na kai labarin, direbobi sun rabu biyu. Wasu sun ce namiji ne, wasu sun ce ɓarawo ne da ya tsinci kayan mutane ya ƙi cigiya.

Duk wannan surutun, ba wadda ta taɓa duban idonki ta ce labarin ya yi kama da naki. Kowa ya sani, kowa ya yi kawaici. Ke ɗiyar anna ce, masu addinin gargajiya, daga ƙauyen da ke bayan Gabi, gidanku ana dafa giya, ana yanka wa iskoki a gindin tsamiya. Ni ɗan limamin unguwa ne. Sai dai a littafin mace ce ɗiyar malam, a gidanmu kuwa namiji ne.

Kin tuna ranar farko? Na je ɗaukar buhunan wake gidan babanku, ƙishi kamar ya kashe ni. Aka kawo mini ruwa a ƙwarya daga randa, na ji warin giya a gidan, na ce na ƙoshi. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ɗauki guga, kika ce in biyo ki. Kika jawo ruwa kika miƙo mini da gugan, kika ce in sha, rijiya dai ba ta gidan kowa ba ce. Na sha har ya jiƙa mini riga. Tun daga ranar motata ta riƙa samun dalilin bin hanyar Gabi ko babu kaya.

Da kanki kika karɓi Musulunci kafin a yi zancen aure, kuma babanku bai hana ba, ya ce kowa da hanyar da ke kai shi gona. Babana ya ɗaura auren fuska ba walwala. Gwaggo kuwa shekara bakwai ba ta sa tuwonki a baki ba. Ki tuƙa, ki kwashe, ki kai mata ɗaki da ladabi, ta dawo miki da akushin yadda kika rufe shi. Ina gani, raina na ɓaci, ina ce miki ki yi haƙuri. A lokacin ina ganin kaina jarumi, mutumin da ya tsaya wa matarsa gaban dangi.

Ra'ayinki a kan littafin shi ne ban manta ba. Wata rana bayan mata sun watse kika ce mini labarin na da daɗi, amma wanda ya rubuta shi bai taɓa aure wajen danginsa ba. Kin ce ya cika shafi da kibiya da takobi da wasiƙun da tsuntsu ke kaiwa, ya tsallake wurin da ke da wuya. Wa zai ci abincin wa? Wa zai raɗa wa jariri suna? Wa zai wanke gawa? Kika ce abin da ke raba irin wannan aure ba takobi ba ne, akushi ne. Na gyaɗa kai, na ɗauka da Gwaggo kike.

Da ni kike, ko ba haka ba? Shekara ashirin da uku, Kande, ban taɓa cin loma ɗaya a gidanku ba. In na kai ki ganin gida sai in tsayar da mota gindin tsamiyar bakin gari, in taka zuwa ƙofa, in durƙusa in gaida Inna daga nesa, in koma mota in jira. A aiko da abinci in ce na ci a hanya. Wani lokaci in ce ina azumin nafila, alhali da goro a aljihuna. Kunyar surukai ta rufa mini asiri, mutane na cewa Isuhu akwai kunya. Amma kunya hana ci gaban suruka take yi, ba ta ce a mayar da akushi a rufe ba. Sau ɗaya kika ce mini Inna ta sa mahaucin Gabi ya yanka kazar, ba babanku ba. Na ce to, wani zuwan. Ba ki sake tayar da maganar ba.

Sai ciwo ya zo, daminar da kika tafi. Ƙafafu suka kumbura, ciki ya bi. Muka kwana goma sha biyu a asibitin Maraɗi, suka yi iya yinsu, suka ce mu koma gida mu ci gaba da magani. Ni da ke duk mun gane abin da ake nufi. Ba a yi mako ba sai ga Ranau da amalanken jaki, ya shimfiɗa tabarma da bargo a kai, ya ce Inna ta ce a kawo mata ɗiyarta. Kika ce mini ba magani za ki nema ba, kin san naki ya ƙare. Ɗakin uwarki kawai kike so ki kwanta, ki ji hannunta a bayanki, ko kwana uku ne.

Na ce gulbi ya kawo, amalanke zai wahalar da ke, a bari ruwa ya janye ni da kaina zan kai ki da mota. Ranau ya juya jakinsa ya tafi. Da ruwa ya janye na ce mota na son gyara. Gaskiyar da ban gaya miki ba ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron ki cika a can, a rasa mai yi miki wanka da salla, a binne ki yadda ake binne mutanen gidanku. Wannan shi ne tsoron da nake nuna wa Allah. Akwai wani kuma a ƙarƙashinsa wanda ya fi shi muni: kada a ce a Madarumfa matar ɗan Liman ta koma asalinta. Na fi jin tsoron bakin mutane a kan hawayenki. Ga shi na rubuta, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba ki yi mini gardama ba, da ma ba halinki ba ne. Kika ce to, tunda tafiya ba ta yiwu ba, in samo miki littafi na uku. Na biyu ya tsaya ne daidai inda wani falke ya kawo wa ɗiyar malam labari a daji cewa mahaifinta na kwance, yana kiran sunanta. Wata biyu mata suka yi suna gardamar nan. Tabawa ta ce in ta tafi ba ta dawowa, kuma daidai ke nan, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amaryar Safo ta ce in maharbin na da hankali ya ɗaure jakin. Ke ba ki faɗi naki ba. Kin ce mini dai kina so ki ji ko yarinyar nan ta ga ubanta.

Na tafi Katsina ran Laraba. Na uku ya fito, yana nan jibge a kan tebur, bangonsa kore. Na saya. Har na juya sai shaiɗan ya sa na tambayi mai littattafan yadda labarin ya ƙare. Yana ƙoƙarin sallamar wasu 'yan mata, bai ko dube ni ba, ya ce ai komawa gidan ubanta ta yi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na tsaya cikin rana da littafin a hannu. Na ce a raina, in Kande ta karanta wa matan unguwa wannan da bakinta, a tsakar gidana, me ya rage mini? Da wane baki zan sake ce mata a jira?

Kafin in iso kan iyaka a Ɗan Isa na tsaya bakin hanya, na naɗe shi cikin tsumma, na ɗaga kujerar mota na tura shi inda nake ajiye sufana. 'Yan duwan, wato kwastan, sun bincike kayan fasinja kaf, ba su taɓa kujerata ba. Na shigo gida kika ɗago kai daga filo kina duban hannuna. Na ce bai fito ba. Mako ya zagayo na sake cewa bai fito ba. Na uku har da ƙari na yi, wai an ce marubucin ba shi da lafiya. Kika ce Allah ya ba shi lafiya. Kina kwance kina mutuwa, kika yi wa mutumin da na ƙaga wa ciwo addu'a.

Kin gane, Kande? Wannan tambayar ce ke hana ni sakat. Ke da kike gane na sha taba tun daga sallamata, ƙaryar nan ta wuce ki? Ko kin gane kika rufa mini asiri, kamar yadda kika yi da rediyo?

Kwana tara bayan wannan kika cika, da hantsi, Rabi na riƙe da hannunki. An yi miki wanka, an yi miki salla, sahu har bakin titi. Abin da na tsare na same shi cif. Inna ta iso da la'asar a amalanken nan, an riga an dawo daga maƙabarta. Ba ta yi kuka gaban mutane ba, ba ta ce mini kanzil na zargi ba. Ta shiga ɗakinki ta zauna bakin gadon, ta ɗora hannu inda kanki yake kwanciya. Da za ta tafi ta ce mini, ɗan nan, Allah shi ba mu haƙuri, ka riƙe mini ɗiyata da kyau duk tsawon zamanku, na gode. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Taron la'asar ya watse daga ranar. Matar mushe ta ce za ta sa a nemo na uku a kasuwar Maraɗi, Tabawa ta ce ita kam ba ta jin ƙarshen labarin da aka fara da muryarki a bakin wata. Shi ke nan aka bar maharbi da matarsa tsaye a daji. Ni kuwa ina zaune a kan ƙarshen labarin kullum, daga nan zuwa Katsina, daga Katsina zuwa nan. Ban iya jefar da shi ba, ban iya ba wani ya karanta mini ba. Wa zan ba? Rabi, da ta ji ni da kunnenta ina cewa bai fito ba? Shekara guda ina wannan jinya, sannan na je na rubuta sunana wurin mushe.

Da daminar bana na fara karanta shi, a tasha, lokacin da ake jiran mota ta cika. Shafi ɗaya a yini, wani lokaci rabi, ina bi da yatsa. Bari in ba ki nawa ra'ayin, tunda yanzu ni ma na shiga sahun masu ra'ayi. Na uku bai kai na ɗaya daɗi ba. Marubucin ya ɓata fiye da rabinsa a yaƙin da ba wanda ya tambaye shi. Karen maharbin nan da zaki ya kashe a littafi na ɗaya, wanda Tabawa ta yi wa hawaye tana cewa hayaƙi ne, sai ga shi a na uku yana kaɗa bindi ba bayani. Da ke ce da kin ajiye littafin kin yi dariya har kin riƙe ciki. Na yi dariyar ni kaɗai a mota, fasinja na kallona.

Washegarin zuwan Ranau na ƙarasa shi. Ga ƙarshen da na hana ki. Mai littattafai bai yi ƙarya ba, ta koma gidan ubanta. Abin da bai faɗa ba shi ne wanda ya kai ta. Maharbin ne. Ba ta ma roƙe shi ba. Ya ga ta daina cin abinci, ya tashi ya ɗaura wa jaki akumari, ya ɗora ta, ya ja akala kwana shida cikin ƙasar da in an gane shi kashe shi za a yi. Ya kai ta har ƙofar gari. Shi ba shi da damar shiga, sai ya kafa 'yar bukka a waje ya zauna. Ba wanda ya yi masa alkawarin za ta fito. Ta iske uban da rai, ya cika a hannunta. Maharbin na nan waje har damina ta wuce. 'Yan uwanta kan aiko masa da abinci, wani lokaci don tausayi, wani lokaci don wulaƙanci. Marubucin ya ce duk abin da aka aiko masa daga gidan sai ya cinye ya mayar da akushi a wanke. Layi ɗaya tak ya ba wannan magana, sannan ya wuce. Gaskiyarki, bai san nauyinta ba. Ni a nan na kife littafin a kan sitiyari, na ce wa fasinja su sauka su nemi wata motar.

A shafin ƙarshe ta fito da ƙafarta ta same shi. Ban ce ke ma da kin dawo ba. Na san da wuya, jikinki ya riga ya ƙare. Watakila da a ɗakin Inna za ki cika, hannunta a bayanki. To, sai me? Ba abin da kika roƙa ke nan ba?

Akwai abin da Ranau ya gaya mini wannan zuwan, muna zaune a zaure. Ba da faɗa ya faɗa ba, kin san shi, yana magana yana duban ƙasa. Ya ce waccan shekarar, kafin ya ɗauro jaki, sai da Inna ta tura shi wurin limamin Gabi, suka yi magana cewa in ta Allah ta kasance a can, shi zai zo da mutanensa da mata masu wanka, a yi miki komai yadda addininki ya ce, kuma a aiko a kira ni. Har likkafani ta sa aka saya. Ya ce sun ɗauka na sani, ko kuma zan tambaya. Ban tambaya ba. Ya ce kuma akwai tukunya da akushi da Inna ta saya tun shekarar aurenmu, ba a dafa komai a ciki sai ranar da aka ce motata na tafe. Suna nan rataye a ɗakinta, wai har yanzu in an taɓa su sai ta ce a bar su, na mijin Kande ne.

Shekaranjiya na kira Tabawa da Rabi tsakar gida bayan la'asar. Na ajiye littafin a tabarma, duk ya sha baƙin mai. Na gaya musu tun yaushe yake hannuna. Rabi ta dube shi, ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗakinki ta ja ƙofa. Tabawa ta ɗauki littafin ta jujjuya shi a hannu. Can ta ce, Isuhu, ka yi mugun abu, amma karanta muna mu ji, tunda dai kai ka ɓoye shi kai za ka hiddo shi. Na karanta shafukan ƙarshe ina tuntuɓe. Da na kai aya ta share ido da bakin zane ta ce ƙarya ce, babu namijin da zai yi wanga abu, marubutan nan ba su da aiki. Ƙofar ɗakinki kuwa na lura ba a rufe take ruf ba.

Har jiya Rabi ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Tana da gaskiya, ban nemi ta yi sauri ba. Yau da safe ta kawo mini kunu ta tsaya a kaina. Ta ce, Baba, kwana shida ke nan. Ashe tana ƙirgawa. Na ce ta wanke kayanta, ta ɗauko zanen nan naki mai ruwan ganye ta kai wa kakarta, ko ba ta gani za ta ji ƙanshin. Na aika wa Ranau ta bakin masu zuwa kasuwa cewa kada ya wahalar da jakinsa, muna tafe.

Ba na neman ki ce ba komai, don da komai. Na hana ki uwarki, na hana uwarki ke, na hana ki ko ƙarshen labarin da za ki ɗebe kewa da shi. Ina roƙon Allah gafara kowace salla, amma malamai sun ce hakkin wani sai shi ya yafe, kuma ni ɗan malam ne, na san haka tun ina yaro. Ki yafe mini, Kande. In ba ki yafe ba ma ban ga laifinki ba. Na so ki tun ranar guga, ina son ki har yau, sai dai son nawa ya zo da rowa da tsoro, naki kuwa bai zo da ko ɗaya ba.

Gobe in Allah ya kai mu za mu kama hanyar Gabi da sassafe, ni da Rabi. Zan tafi da littattafan uku. In Inna na so, Rabi ta karanta mata, ta ji abin da ɗiyarta ke tara mata da shi, ta faɗi nata ra'ayin ita ma. Ba zan tsaya gindin tsamiya ba, har ƙofar gida zan kai motar. Ba zan karya kumallo a nan ba, kuma ba na azumi. In ta tambaye ni ko na ci abinci a hanya, zan ce mata ban ci ba, Inna, da yunwa na zo.

Ki huta lafiya. Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu a inda ba a mayar da akushi a rufe.

Ni ne mijinki,
Isuhu direba, wanda kike ce wa ɗan Liman.